Yajin Aikin Jirgin Ƙasa na 1947 a Cikin Takardun Dakar

Ran 10 ga watan Oktoba 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma ta Faransa suka ajiye aiki. Sun kai wajen mutum dubu 20, a kan layuka huɗu: na Dakar zuwa Bamako, na Konakiri, na Abijan, da na Kwatano wanda ya tsaya a Faraku bai iso Nijar ba. Ban da na Abijan da suka koma a watan Janairu, sauran ba su koma ba sai ran 19 ga Maris 1948. Wata biyar ke nan da kwanaki ba albashi. Shugabansu Ibrahima Sarr ne, cibiyarsu kuwa garin Thiès, inda babbar ma'aikatar gyaran jirage take.

Abin da suka nema shi ne tsari ɗaya ga kowa. A lokacin Bature yana da nasa matakin albashi da gida da kuɗin iyali, baƙin mutum yana da nasa. Mafi yawan leburori ma ba a lissafa su cikin ma'aikatan dindindin, ko da mutum ya shekara goma yana zuba gawayi a tukunyar jirgi.

Wanda yake so ya bi diddigin wannan labari, sai ya nufi Dakar. Da mulkin mallaka ya ƙare, takardun ofishin Gwamna Janar ba a kwashe su zuwa Faransa ba, an bar su a ɗakin ajiyar takardun tarihi na ƙasar Senigal, an kai hotunansu garin Aix. An rarraba su bisa ga haruffa, harafin K shi ne na aiki da ma'aikata da bauta. A nan ake samun rahotannin sufetocin aiki, da wayoyin da gwamnoni suka buga wa juna, da lissafin jiragen da suka tashi kowane mako. A wani sashe kuma akwai rahotannin 'yan sanda.

Amma waɗanda aka yi wa yajin su ne suka rubuta takardun nan. Muryar lebura ba ta shiga ciki sai ta bakin ɗan leƙen asiri da ya zauna a taron ƙungiya ya kawo wa maigidansa labari, shi kuwa yakan faɗi abin da ya san za a so a ji. Shi ya sa mai karatu zai tarar hukuma tana ta sa ran yajin ya kusa karyewa, ga shi kuwa bai karye ba. Takardun sun ƙididdige fasinja da tan na kaya daidai. Yadda tukunya ta hau murhu a gidan mai yaji har wata biyar, wannan kam ba su damu da shi sosai ba.

A 1960 Sembène Ousmane ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari, Les bouts de bois de Dieu, a kan wannan yaji. Ta wurinsa duniya ta san labarin, har da yawa suka ɗauke shi tarihi. Wurin da ya fi ratsa masu karatu shi ne tattakin da mata suka yi a ƙasa daga Thiès zuwa Dakar. Masanin tarihi Frederick Cooper, Ba'amurke, ya bincika takardun Dakar, ya kuma zauna da tsofaffin ma'aikata tare da ɗaliban Senigal, bai sami shaidar an yi wannan tattaki ba. Ya buga bincikensa a 1996. Duk da haka bai kamata a jefar da littafin ba, gama Sembène ya ga abin da sufeto bai duba ba. Tsofaffin sun tabbatar da cewa mata ne suka riƙe gidaje, 'yan kasuwa suka ba da bashi, waɗansu ma'aikata suka koma ƙauye gona, dangi suka aiko da hatsi. Turawa suna kukan cewa leburan Afirka bai rabu da ƙauyensu ba, ashe wannan ne ƙarfinsa.

Inda takardun suka fi littafin kuwa, shi ne wajen ƙarshen yajin. Sun nuna ba nasara ce cikakkiya ba. Da sabon Gwamna Janar Paul Béchard ya zo, an daidaita: an karɓi tsari ɗaya, an ƙara albashi, ba a hukunta masu yaji ba. Amma hukumar jirgin ta sami ikon rage ma'aikata, ta kuwa rage su da yawa. Sun kuma nuna yadda manyan 'yan siyasar Afirka na lokacin suka yi ɗari-ɗari da yajin, ba su fito fili sun tsaya masa ba.

Maganar daidaito ba ta mutu a nan ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi yajin kwana ɗaya a faɗin yankin ran 3 ga Nuwamba 1952, sa'an nan ran 15 ga Disamba aka kafa dokar aiki ta ƙasashen mallakar Faransa, wadda ta kawo aikin awa 40 a mako da hutu mai albashi, har a Nijar inda jirgin bai iso ba.