Yaran da suka tsira daga gubar dalma: wace makaranta aka tanadar musu?

1/ Jama'a, ku ɗan ba ni aron lokacinku. Zare ne kan wani tarihi da da yawanku kuna firamare ya faru, mu kuwa 'yan yammacin Zamfara har yau muna cikinsa. Ɗan yayata na cikin yaran da gubar dalma ta kama a 2010. Allah ya yi da kwanansa a gaba, amma karatu ya gagare shi.

2/ Mafari dai zinare. Farashinsa ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa haƙa. Ana kawo duwatsun har cikin gida, mata su daka a turmi, wasu a kai injin niƙa. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

3/ A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau, sai suka tarar da sabbin kaburburan yara birjik. Yaro ya yi amai, ya fara jijjiga, ya suma, shi ke nan. An ba da maganin maleriya, bai yi aiki ba. Sai da aka gwada jini aka gane dalma ce.

4/ Dareta, Abare, Tungar Daji, Sunke da Bagega a Anka. 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Binciken hukumar CDC ta Amurka a ƙauyuka biyu ya nuna kashi 25 cikin 100 na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun mutu cikin shekara guda.

5/ Na'urar gwajin da ake yawo da ita iyakarta maki 65, alhali daga 45 ake fara ba yaro magani. Yara da yawa nasu ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa. MSF ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, ana ba da maganin da ke janye dalmar ta fita ta fitsari.

6/ Magani ba ya amfani in yaro zai koma kan ƙasa mai guba, don haka aka kwashe ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ce ta daɗe tana jira. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka matsa da #SaveBagega kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi a farkon 2013. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

7/ Ga inda labarin ya tsaya a jaridu, mu kuma namu ya fara. Maganin yana rage dalma a jini, amma ba ya mayar da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Wasu yaran sun makance, wasu ba sa ji sosai, wasu farfaɗiya. Mafi yawa kuwa ba a ganin komai a jikinsu, sai an sa su aji.

8/ Haka namu. A karanta masa abu yau, gobe kamar bai taɓa ji ba. Shekara uku a aji ɗaya, ga bulala, ga yara suna ce masa daƙiƙi. Yayata ta je ta ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri da shi, ciwon nan ne." Ya ce, "Hajiya, na sani, amma aji ya cika maƙil, ni kaɗai ne." Ban ga laifinsa ba. Ba wanda ya koya masa yadda ake koyar da irin yaron nan.

9/ To me ya sa? Ilimin masu buƙata ta musamman a Arewa ya faro ne da makafi da kurame. 'Yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Daga baya jihohi suka gina nasu, kamar Tudun Maliki a Kano. Kusan duk a manyan birane, kuma don naƙasar da ido ke gani.

10/ A takarda kam akwai tanadi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ilimi na musamman, a shekarar ne ma aka kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce ilimi kyauta ne ga mai naƙasa har sakandare, kuma makarantun gwamnati su samu ma'aikacin da aka horar don su.

11/ A ƙasa fa? Mutumin Gummi ko Bukkuyum da ke neman makaranta ta musamman, Gusau za a nuna masa. Wace uwa za ta ɗora yaro mai farfaɗiya a kan hanyar nan da 'yan bindiga ke tarewa, ta bar shi makarantar kwana? Yayata ta ce a'a. Ni ma da ni ne, haka zan ce.

12/ Abin da ya taimake mu ƙarami ne. Wani malami ya yarda ya zaunar da shi gaba, ya daina dukansa, yana ba shi darasi kaɗan-kaɗan ana maimaitawa a gida da tsakuwa da kuɗi na gaske. Yanzu yana wurin tela, yana lissafin canji, yana rubuta sunansa. Ranar da ya rubuta, yayata kuka ta yi.

13/ A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin Zamfara. A 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Yaran 2010 sun zama samari da 'yammata, haƙar zinare kuma ba ta tsaya ba, ƙannensu na tasowa.

14/ In kana da ƙane da karatu ke ba shi wahala, kafin a ce aljanu ne ko taurin kai, a kai shi asibiti a duba ji da gani, a faɗa wa likita in an taɓa niƙa dutse a gidan. Sannan ku tuna, da wayoyi irin na hannunku aka sa aka share Bagega. Ku tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku: malamai nawa aka horar don yaran nan? Ku dawo nan ku faɗa mana amsar da ya ba ku.