Daga Lahore Zuwa Filash Ɗinka: Taƙaitaccen Tarihin Ƙwayar Cutar Kwamfuta



Shekaru uku da suka wuce, na kai filash ɗina wani shagon buga takardu don a fitar min da babi biyu na littafina. Da na dawo gida na soka shi a kwamfuta, sai na tarar duk jakunkunan da ke ciki sun koma wasu alamomi masu ɗan kibiya a gefe. Na danna ɗaya, daga nan kwamfutar ita ma ta kamu. Mai gyara ya ce sai an wanke ta gaba ɗaya, ni kuma na amince ban yi bincike ba. Babi goma sha ɗaya suka tafi, aikin wata takwas. Wannan takaicin ne ya sa na bibiyi asalin wannan cuta.

A watan Janairun 1986 aka fara ganin ƙwayar da ake ɗauka a matsayin ta farko da ta yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM. Sunanta Brain, kuma wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta ta a birnin Lahore na Pakistan: Basit da Amjad Farooq Alvi. Sun ce sun yi ta ne saboda masu kwafar manhajarsu ba da izini ba. Abin mamaki, sun rubuta sunayensu da adireshin shagonsu da lambobin wayarsu a cikin ƙwayar. A lokacin intanet bai shiga gidaje ba, don haka a jikin faifan fulofi take tafiya: wannan ya ara wa wancan, wancan ya ara wa wani. A haka ta ƙetare teku, har 'yan'uwan suka fara samun kiran waya daga Amurka da Ingila.

Da imel ya yaɗu, sai cutar ta sauya abin hawa. Ranar 26 ga Maris 1999 Melissa ta ɓulla, kuma ya kamata mu marubuta mu kula da ita, domin a cikin takardar Microsoft Word ta ɓuya. Da zarar ka buɗe takardar, sai ta aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshinka. Wanda ya karɓa zai ga sunanka ne, sai ya buɗe ba tare da shakka ba. An kama wanda ya rubuta ta, David L. Smith, aka yanke masa ɗaurin wata 20.

Shekara guda bayan haka, a farkon Mayun 2000, sai ga ILOVEYOU daga Manila ta ƙasar Filifin. Ta zo ne a siffar wasiƙar soyayya. Wa zai ga wani ya ce yana sonsa ya ƙi leƙawa? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Miliyoyin mutane suka buɗe, ta lalata musu hotuna da wasu fayiloli, har sai da majalisar dokokin Birtaniya ta rufe imel ɗinta. An gano ɗalibin da ake zargi, Onel de Guzman, amma ba a hukunta shi ba saboda ƙasar ba ta da dokar da ta haramta hakan a lokacin.

Daga baya abin ya tashi daga wasan yara da neman suna ya koma sana'a. Ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 kafin ta saki fayilolin mutum. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya da dama. Abin takaicin shi ne, tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ƙwayar ta bi. Waɗanda suka sabunta Windows ɗinsu sun tsira. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan kun lura, a cikin shekaru 31 ɗin nan abin hawa ne kawai yake canzawa: fulofi, imel, filash, yanzu kuma saƙonnin WhatsApp masu alƙawarin kyautar data ko tallafin kuɗi. Amma ƙofar ɗaya ce: ko yarda da abin da ba a tantance ba, ko sakaci da gyaran da aka riga aka samar.

To, mu da jarinmu yake cikin kwamfuta, me tarihin nan ya koya mana?

Na farko, kada littafinka ya kwana a wuri guda. Ajiye kwafi a kwamfuta, wani a filash ɗin da ba ya fita daga gida, wani kuma ka aika wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive duk ƙarshen babi.

Na biyu, ware filash na musamman don zuwa shagon buga takardu, ka zuba abin da za a buga kaɗai.

Na uku, idan Windows ta nemi sabuntawa, ka daure ka kashe datar. Kada kuma ka kashe manhajar tsaron da ta zo da ita don saka manhajar sata.

Na huɗu, idan Word ta nemi ka kunna wani abu kafin ka karanta takardar da aka turo maka, dakata ka kira mai ita, ko da aminin rubutunka ne.

Na ƙarshe, idan fayilolinka suka ɓace daga filash, kada ka yi gaggawar wanke shi. Daga baya na gano cewa irin ƙwayar da ta kama ni ɓoye fayiloli take yi, ba gogewa ba. Babina goma sha ɗaya suna nan daram lokacin da na ce a wanke.

Ku fa, yau kwafi nawa littafinku yake da shi? Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya tsare mana alƙalumanmu, amin.