Asalin Kalma: Filibasta

Mai bin labaran Majalisar Dattawan Amurka ya saba jin "filibasta", wato sanata ya riƙe bakin magana na sa'o'i don hana a kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudiri. Asalin kalmar kuwa a teku yake. Daga "vrijbuiter" ta Holanci ta fito, ma'ana ɗan fashin jirgin ruwa mai cin ganima, Sifaniyawa suka mayar da ita "filibustero".

A shekarun 1850 sai ta koma sunan 'yan kasadar da ke tara mayaƙa daga Amurka su afka wa wata ƙasa ba da izinin gwamnatinsu ba. Gogansu shi ne William Walker, likita kuma lauya, wanda ya sauka Nikaraguwa a 1855 da mutum kusan sittin. Kafin shekara ta gaba ta ƙare ya naɗa kansa shugaban ƙasa, har ya halatta bauta. Abin bai ɗore ba. Maƙwabta suka haɗa kai suka kore shi a 1857, aka bindige shi a Honduras a 1860.

Tun a lokacin 'yan majalisa suka fara jifan masu jan ƙafa da wannan suna, suna kallonsu a matsayin 'yan fashin lokacin majalisa.