An auna hankalin mai kisa, na wanda ya gudu fa?

Duk ɗan Maijirgi ya san kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da sojojinsu suka kashe a watan Yulin 1899, jim kaɗan bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb a Ɗankori. Kafin nan rundunarsu ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Da labari ya isa Faransa, sai aka ce zafin ƙasarmu ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, har cutar ta samu suna, soudanite. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an daɗe ana muhawara kan hankalin mai kisa, amma matar da ta faɗa daji da goyo, ba a tambayi yadda ta riƙa kwana bayan nan ba.

Amsar irin wannan tambaya sai na same ta a tarihin Biyetnam, wadda ita ma Faransa ta taɓa mallaka. Bayan faɗuwar Saigon a 1975, dubban ɗaruruwa sun tsere ta teku a ƙananan jiragen ruwa. A 2002 mujallar Lancet ta buga binciken Zachary Steel da abokan aikinsa kan mutum 1,161 daga cikin waɗanda suka zauna a Sidni ta Ostireliya. Yawancinsu hankali ya kwanta da tafiyar shekaru. Amma waɗanda suka ga masifa fiye da uku, ko bayan shekara goma suna cikin haɗarin ciwon damuwa. Ga gida, ga abinci, ga tsaro, tsoron dai bai tafi ba.

Malamai da iyaye, wannan zance namu ne. Tun 2019 mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina ke tsallakowa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga, har HCR ta tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makaho da Cadakori. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, shi ya sa muke ɗauka sun riga sun iso gida. Alhali yawancinsu ba hari ɗaya suka gani ba: an kore shanu, an sace uwa, an biya fansa, aka sake dawowa. Yaron da ke zabura in babur ya wuce bayan aji, ko yake fitsarin kwance yana ɗan shekara goma, sau da yawa bulala ce ke fara isa gare shi kafin wani ya tambayi daga wane ƙauye ya fito.