Yadda ake goge zanen fenti daga tsofaffin jiragen ƙasa da hanyoyin kare su

Tashar jirgin ƙasa ta Accra tana dab da Kasuwar Makola da ta Kantamanto. A Gana, layin dogo ya taso daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903, na Accra zuwa Kumasi kuma ya kammala a 1923. Fataken goro Hausawa sun ci moriyar waɗannan layuka wajen kai kaya bakin teku, don haka tsofaffin taragai da kawunan jirgi wani yanki ne na tarihin mutanen Zango. Duk taragon da aka ajiye a fili ba mai kula, yakan zama allon masu fesa fenti da masu manna fastoci, wato abin da Turawa ke kira girafiti.

Illar da yake yi

Ɓarnar ta wuce ɓata kyan gani. Fentin feshi yana rufe lambar jirgi da tambarin kamfanin da ya ƙera shi, alhali su ne shaidar asalinsa. Gam ɗin fasta yana riƙe danshi, kuma a gari irin Accra, inda iska ke ɗauke da gishirin teku, tsatsa ba ta jira. Mugun gogewa ma yakan fi zanen ɓarna, domin yana kankare fentin asali ya bar ƙarfe a tsirara.

Matakan gogewa

Da farko a ɗauki hoton wurin, a tantance ko jikin ƙarfe ne, katako, gilashi ko alminiyam. A gwada kowane sinadari a wani ɗan lungu kafin a shafa shi a fili. Ana farawa da abu mafi sauƙi: ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi. Wannan yakan ɗaga fasta idan an jiƙa ta sosai. Idan bai yi ba, sai a goga kananzir kaɗan, sannan a koma ga sinadarin cire fenti mai kauri, wanda ke zama a inda aka shafa shi ba ya gangarowa. A yi aikin kaɗan-kaɗan, a ɗauraye, a busar.

Tina mai ƙarfi yana narkar da fentin asali tare da na mai zane. Soda tana cin alminiyam. Burushin waya da feshin yashi suna karce jiki, ruwa mai matsi da yawa kuma yana kutsawa cikin katako ya ruɓar da shi. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, tukunyar jirgi mai amfani da gawayi kuma sau da yawa an naɗe ta da asbestos, dukansu masu cutar da lafiya. Saboda haka dole ma'aikaci ya sa safar hannu da takunkumi, kuma kada ruwan wankin ya shiga kwata.

Rigakafi

Gaggawa ita ce babban makami, domin sabon fenti ya fi saurin fita, mai zane kuma yakan karaya idan aikinsa bai kwana ba. Hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin New York ta bi wannan hanya daga 1984: taragon da aka wanke ba ya fita aiki da sabon zane a jikinsa. A watan Mayun 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane.

Ana kuma shafa wa jiki kaki na musamman wanda ke fita da ruwan zafi tare da zanen, sai a sake shafa sabo. Tagogi ana manna musu leda mai garai-garai. Sai shinge, fitila, mai gadi da rumfa. A Saliyo an rufe layin dogo a 1974, amma jiragen da aka adana cikin ma'aikatar Cline Town a Freetown sun tsira, har aka buɗe gidan tarihi da su a 2005. A ciki akwai taragon da aka tanada don ziyarar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1961.

Rawar jama'ar unguwa

Hana matasa zane a jikin jirgi ya fi tasiri idan an ba su bangon da za su yi a kai. Bikin Chale Wote da aka fara yi a Jamestown a 2011, da ƙungiyar masu zane ta Nima Muhinmanchi Art, sun nuna cewa zanen bango da izini yana ƙawata unguwa. 'Yan kasuwar da ke wuni kusa da tasha, da sarakunan Zango da malaman makaranta, su ne za su fara ganin ɓarna su kai rahoto. Darasin ya shafi Nijar ma, inda aka shimfiɗa layin Yamai zuwa Dosso aka ƙaddamar da shi a 2016 amma bai shiga jigila ba. Ƙarfen da ke tsaye yana buƙatar dubawa a kai a kai, da littafin da ake rubuta ranar da aka ga zane, sinadarin da aka yi amfani da shi da sakamakon da aka samu.