Turke da Lauje: Yara da Kiwon Awaki a Ƙasar Kankiya da Kusada

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kankiya da Kusada, sakewar akuya ta ƙare. Tun daga kaka take yawo, tana kalar karmami a gonaki da 'ya'yan gawo a gindin itatuwa, amma ranar da gero ya tsiro sai a kamo ta a ɗaure a turke, ba ta sake fita sai hatsi ya shiga rumbu. Mai unguwa kan sa a yi shela, kuma wanda dabbarsa ta yi ɓarna ya san zai biya. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta ɗora kiwon awaki a wuyan yara. Dabbar da za ta yi wata huɗu ko biyar a ɗaure dole a kai mata abinci har inda take. Maza suna gona, matan aure da yawa suna kulle, wanda ya rage shi ne yaro da laujensa.

Aikin ya wuce yankan ciyawa. Yaro kan koyi bambanta wadda akuya ke so da wadda za ta shinshina ta kau da kai. Yakan koyi baza ciyawa mai raɓa ta sha iska kafin ya zuba, saboda gudun zawo. Yakan dama dusa da ɗan kanwa, ya share turke, ya tara kashin awaki a gefe. Wannan tarin kuwa dukiya ne, domin a ƙasar da ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, takin da jakuna ke kwasa da rani shi ke riƙe da gonar. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa mafi yawan tumaki da awakin garin na mata ne. Rabon ke nan a gidaje da yawa: akuya ta uwa, taki na uba, wahala ta yaro.

Sai dai ba a barinsa hannu wofi. Kaka ko gwaggo kan ba yaro 'yar akuya ta kansa, kuma akuya ba ta da jinkiri: cikinta wata biyar ne, tagwaye ba abin mamaki ba ne a wurinta. Yarinyar da aka ba ɗaya tana 'yar shekara bakwai tana iya kaiwa aure da ƙaramin garke, a sayar a yi mata kayan ɗaki. Wanda ba a ba shi ba yakan karɓi kiwo a hannun wani, a raba abin da aka haifa. A nan yaro ke fara sanin amana da lissafi, da kuma ɗacin asara ranar da ya wayi gari ya tarar da 'yar akuyarsa a miƙe.

Abin da yaran ba su sani ba shi ne nisan da aikinsu ke kaiwa. Ƙarnuka da dama fatar akuyar ƙasar Hausa, wadda majema suka jeme da bagaruwa, tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita. Barth, wanda ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, ya lissafa fatu da takalma cikin manyan hajojin kasuwar Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fata ta juya wa hamada baya ta nufi teku, kamfanonin Turawa suka baza masu saye, kuma Kankiya, da ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, ta samu kanta a bakin wannan ciniki. Hukuma ta naɗa malaman fata masu koya wa mahauta fiɗa ba tare da yanka fata ba, da shanya a inuwa maimakon a ƙasa cikin rana. Jar akuya ce aka fi nema, har aka riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba a lardin Sakkwato, daga baya kuma Nijar ta kafa cibiyar kiwonta a Maraɗi. Amma ingancin fata tun dabba na da rai yake tabbata. Ƙazuwa da kaska da tabon duka duk suna fitowa bayan jima, kuma mai hana su ɗan shekara goma ne da babu shi a lissafin kowa.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya raba wa yaron ƙauye yininsa biyu, safiya ga aji, yamma ga lauje, iyaye da yawa kuwa sun ga kamar an ƙwace musu ɗan aiki ne. Shekara arba'in bayan haka, a farkon mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, sai ga gwamnatin Katsina da kanta tana raba wa 'yan mata ɗalibai awaki a wasu makarantun sakandare. 'Yan birni sun yi ta dariya. Matan ƙauye ba su ga abin dariya ba, don abin da gwaggo ta saba yi ne aka sa wa hatimin hukuma.

Abin da ya fi taɓa wannan kiwo yanzu tsaro ne. Tun da ɓarayin daji suka fara kai hari ƙauyukan wannan yanki, uwa kan yi tunani sau biyu kafin ta tura ɗanta bayan gari neman ciyawa. Gidan da ke da hali yakan sayi ciyawa ko harawa. Wanda ba shi da hali yakan rage turke, ya kora biyu ko uku kasuwar Caranci tun kafin damina ta yi nisa.