Yadda Injiniyancin Likitanci Ya Samu Gurbi a Jami'a

Injiniyancin likitanci, wato ilimin ƙera na'urorin gano cuta da na jinya da kuma kula da su, ya daɗe yana aiki a asibiti kafin ya samu aji a jami'a. Waɗanda suka share fagensa ba shi suka karanta ba, domin a lokacinsu babu mai koyar da shi. Willem Einthoven na Jami'ar Leiden likita ne, kuma na'urarsa ta auna bugun zuciya ba ta aiki sai mara lafiya ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin ruwan gishiri. Willem Kolff, shi ma likita a ƙasar Holan, ya harhaɗa injin wankin ƙoda a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da gangar katako mai juyawa. A 1957 wutar lantarki ta ɗauke a birnin Minneapolis na Amurka, sai likitan tiyatar zuciya Walton Lillehei ya roƙi Earl Bakken, injiniyan lantarki mai gyaran kayan asibiti, ya yi masa na'urar daidaita bugun zuciya mai amfani da batir. Cikin 'yan makonni Bakken ya kawo ta.

Irin wannan haɗuwa ta likita da injiniya ce ta nuna wa jami'o'i cewa akwai giɓi. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu wannan fanni ta duniya a birnin Faris, kuma a farkon shekarun 1960 jami'o'in Johns Hopkins da Pennsylvania da Rochester da Drexel suna horar da ɗalibai a matakin gaba da digirin farko. Tsarin a lokacin shi ne mutum ya fara zama cikakken injiniyan lantarki ko na injuna, sannan a koya masa yadda jikin ɗan Adam yake aiki.

Gardama ta taso ne da aka sauko da fannin zuwa digirin farko, wanda Jami'ar Duke ta samu amincewar hukumar tantancewa a kansa a 1972. Shekara huɗu ba ta isar lissafi da lantarki da kimiyyar sinadarai da ilimin gaɓoɓin jiki a zurfafa kowanne. Masana'antu sun yi ta ƙorafin cewa waɗanda aka yaye sun taɓa nan sun taɓa can, ba su ƙware a komai ba, kuma ƙorafin yana da tushe.

Gyaran ya zo ta hanyar kuɗi da ta sauya ma'aunin inganci. Gidauniyar Whitaker, wadda aka kafa a 1975, ta zuba fiye da dala miliyan 700 a gina sassa da ɗakunan gwaji da ɗaukar malamai kafin ta rufe kanta a 2006. Ita kuma hukumar ABET mai tantance karatun injiniya a Amurka ta ɗauki sabon ma'auni a 1997: maimakon ƙidaya darussan da aka koyar, sai a nuna abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama. Wannan sauyi ya fi gine-gine tasiri a cikin aji. Sashen haɗin gwiwa na Georgia Tech da Emory ya riƙa ba ƙananan rukunan ɗalibai matsala ta gaske su warware da kansu. A Stanford, shirin Biodesign ya fara tura ɗalibai asibiti su zauna su lura da aikin likitoci da nas-nas, su gano buƙata tukuna kafin su zana komai.

A Afirka matsalar ta ɗauki wata kama. Yawancin na'urorin asibiti daga waje suke zuwa, wasu kyauta, an ƙera su don wurin da wuta ba ta ɗaukewa kuma kayan gyara suna kusa. Binciken da Lora Perry da Robert Malkin suka wallafa a 2011 ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na kayan asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa aiki. Manhajar da aka kwaso daga waje ba ta shirya ɗalibi don ƙura da zafi da janareta ba. Shi ya sa aikin Jami'ar Rice da asibitin Queen Elizabeth na Blantyre a Malawi ya ja hankali: ɗalibai da likitoci sun ƙera Pumani, na'urar taimaka wa bakwaini numfashi, da famfon iskar akwatin kiwon kifi da kwalbar ruwa, a kan kuɗi kaɗan. A 2012 wasu jami'o'in nahiyar suka kafa gamayyar ABEC don su riƙa musayar manhaja da horo. A Najeriya ana koyar da fannin a jami'o'i irin su Legas da Ilorin da ta fasaha da ke Owerri, inda hukumar jami'o'i ta NUC da majalisar injiniyoyi ta COREN ke tantance karatun injiniya.